Yadda Za Ka Sami Aiki a Minna da Turancin Wata Uku

Kai baƙo da ka sauka a tashar jirgin Minna da akwatin kwano a ka, matso nan. Sunana Yisa, mutumin Bida, kuma duk garin nan babu wanda ya fi ni sanin hanyar shiga ofis. Kada ka tambaye ni a wane ofis nake, za mu zo wurin. Alkawarina guda ne: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ba musu, cikin wata uku Bature zai miƙe tsaye ya ba ka hannu. Wannan tabbas ne, don ni ma an ba ni.

Na gwada su duka da kaina a shekarar 1965. Na bar matata Rahmatu a gidanmu da cikin fari wata shida, na buga ƙirji na ce mata ba za ta yi wankan jego a ko'ina ba sai a Minna, a ɗakin ma'aikaci mai rufin kwano. Aiki ɗaya ne a ƙasa, masinja a wani kamfanin sayen gyaɗa da kaɗanya da ke bayan tasha. Mu tara muke nemansa.

Mataki na 1: Ka daina zama baƙo yau ɗin nan

Sauke akwatin nan daga kanka. Ma'aikaci ba ya ɗaukar kaya a ka, riƙe shi a hannu ko da kafaɗarka za ta goce. Rufe bakinka kuma, kana kallon jirgi har ƙuda na neman shiga. Mai ilmi ba ya mamakin jirgi, ƙorafin lattinsa yake yi. Dubi wuyan hannunka inda agogo zai zauna wata rana, ka ja tsaki. In an tambaye ka daga ina, ka ce daga Kaduna, amma ka ɗan biya ta ƙauye duba tsofaffi.

Mataki na 2: Shiga ajin yamma, amma kada ka yi tambaya

Bayan la'asar akwai ajin Turanci na manya da Malam Isaiah yake yi a makarantar mishan. Za ka zauna a bencin yara, gwiwarka na gaisawa da haɓarka. Zauna a gaba. Duk abin da ya faɗa ka gyaɗa kai a hankali, ka ɗan lumshe ido, irin na wanda ya taɓa jin wannan a Ikko.

Tambaya ita ce ke tona asiri. A ajinmu akwai wani Shekwolo, manomin doya daga Beji, ƙato, yana zama can baya. Bawan Allahn nan ba ya gajiya. "Malam, ya ake cewa doya ta ruɓe?" "Malam, ya ake cewa hanya ta yanke?" Wata rana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in Bature ya yi magana ban gane ba, me zan yi?"

Malam Isaiah ya ce, "Sai ka ce ya maimaita. Ba zunubi ba ne."

Muka yi dariya har Ndagi, ɗan garinmu, ya faɗo daga benci. Ka ce Bature ya maimaita? Kai wane ne? Amsar kowace magana ita ce "Yes sa." In ka ga fuskarsa ta canza, ka ce "No sa." Bayan wannan ka buɗe ƙamus ka haddace kalmomi uku mafi tsawo da ka gani. Ni har yau ina da nawa ukun, ban san ma'anarsu ba, kuma ba su taɓa yi mini ciwo ba.

Mataki na 3: Kayan yaƙi

Jaridar Turanci a hammata. Ba sai ta yau ba, ba sai ta bana ba. In wurin mai ƙosai ka samo ta, naɗe wajen man ya koma ciki. A aljihun gaba kuma ka jera murafun biro guda uku. Murafun kawai. Babu wanda zai zaro ya duba.

Mataki na 4: Takardar neman aiki

Ka cika ta da ƙasƙantar da kai a sama, ka cika ta da ƙarya a tsakiya. Wajen shekarun haihuwa, tunda babu wanda ya rubuta ranar da aka haife ka, zaɓi ne Allah ya ba ka. Amma ka yi adalci. Ndagi ya rubuta ashirin da biyu alhali furfura ta kama masa gemu, sai da muka shafa masa shuni da safe.

Mataki na 5: Kwat

Ba a zuwa intabiyu ba kwat. Na san ba ka da ita, mu ma ba mu da ita. Duk ajinmu kwat ɗaya ce, ta auren Malam Isaiah, baƙa, mai nauyin bargo. Matarsa Elizabet ce ta goge ta da dutsen gawayi, ta miƙo mana tana nuna mu da yatsa ɗaya ɗaya. "Duk wanda ya ɗiga mata miya, ni da shi. Kuma kafin magariba nake son ganinta a gidan nan."

Tsarin shi ne: akwai bishiyar mangwaro a bakin ƙofar kamfanin. Wanda ya fito ya ruga bayanta ya tuɓe, na gaba ya saka ya shiga. Watan Maris ne, zafin Minna na dukan mutum har ƙashi, don haka kwat ɗin tana zuwa maka da gumin mutum huɗu ko biyar. Ka daure. Abin da za ka yi faɗa a kai shi ne layi: ka tabbata ka riga ƙato sakawa, don in ya buɗe ta ba ta komawa. Ni na yi rigima sai da aka sa ni na takwas, Shekwolo na tara. Na ji daɗin wannan nasara ƙwarai a lokacin.

Mataki na 6: Binne harshen gidanku

Nan ne sirrin yake, ka buɗe kunne. Kowa a layin nan yana da ɗan Turancinsa. Abin da zai ɗaga ka sama da su shi ne a ga kai ba ka da komai sai shi. Hausa, ka riƙa yin ta ta hanci, kana lalube. Harshen uwarka kuwa, ko Nufanci ne ko Gbagyi, ka haƙa rami ka rufe.

Fara gwaji a kasuwa. In mai kifi ta gaishe ka da Nufanci, ka ɗaga gira ka ce da Turanci, "Fadin?", wato ba ka gane ba. Ni na yi wa Ndagi haka sau biyu, ya daina cin tuwo da ni. Malam Isaiah ya ja ni gefe ya ce, "Yisa, masinja fa za su ɗauka, mai shiga kasuwa da ƙauye. Ba alƙali suke nema ba." Na ce masa "Yes sa." Malamai mutanen kirki ne, amma da sun san hanyar arziki da ba su tsufa da alli a hannu ba.

Mataki na 7: A gaban Bature

Kada ka tuɓe takalmi. Kada ka durƙusa. In ya nuna kujera ka zauna a kanta, ba kusa da ita ba.

Baturen kamfanin Mai Lofe muke ce masa, don ba a raba bakinsa da lofen taba. Gefensa akawunsa ne, mutumin kudu. Da na shiga, Mai Lofe ya daɗe yana kallon kwat ɗin, irin kallon da ake wa tsohon sani. Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi abin da na iya, na sakar masa kalmomina uku a jere. Akawu ya yi tari. Sannan Mai Lofe ya ce harsuna nawa nake ji.

Na gyara zama na ce Turanci, sai Hausa kaɗan kaɗan.

Ya duba takardata ya ce ai Bida aka rubuta a nan, ba na jin Nufanci?

Na ce, "No sa." Har na ƙara masa da cewa a Kaduna na tashi. Ya rubuta wani abu. Na ce a raina, Rahmatu, fara ɗaure kaya.

Mataki na 8: In an kira ka da harshen gida, ka dake

Wannan mataki shi ne ke raba maza da yara, kuma ni na ci shi.

Muna cikin haka sai hayaniya ta tashi a bakin ƙofa. Mai gadi na cewa ba a shiga, wata tsohuwa na ture shi. Tun kafin in juya na gane muryar. Goggo Mariyamu ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta goya ni bayan an yaye ni. Ashe tun asuba ta hau motar Bida, ta bi kasuwa tana tambaya har aka nuno mata kamfanin. Ta hango ni ta taga, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ta ɗaga murya da Nufanci.

"Yisa! Rahmatu ta sauka lafiya! Mace ce! Suna ranar Alhamis!"

Na ji kowace kalma. Wallahi na ji. Ina so in yi tsalle, ina so in yi kuka, ina so in tambaya ko Rahmatu ta sha wuya. Amma tawadar "No sa" ba ta bushe a takardar Bature ba. Mai Lofe ya zare lofensa ya dube ni ya ce me matar nan take cewa. Na ɗaga kai na kama kallon fanka.

Goggo ta sake kira. "Yisa, ba kai ba ne? Ka kurmance ne?"

Fankar nan fiffike uku gare ta. Na ƙirga su ya fi sau goma.

Akawu ya ce shi ba ya ji. Mai Lofe ya leƙa ta taga ya ce akwai mai jin tsohuwar nan? Sai ga Shekwolo ya fito daga bayan mangwaro da singileti, yana jiran kwat ɗin da ke jikina. Nufancinsa na kasuwar doya ne, Turancinsa na wata uku. Ya rusuna ya ce, "Mama, sake faɗi, a hankali." Ta sake. Bature ya yi masa wata tambaya bai gane ba, ya ce masa ya maimaita. Kai, ka ji ƙarfin hali! Kuma Baturen ya maimaita.

Sannan Shekwolo ya shiga jera Turancinsa, guntu guntu, yana taimaka masa da hannu. Matar mutumin nan ta haihu. Mace. Tsohuwar nan ƙanwar ubansa ce. Ta ce a bayanta ya girma. Goggo ta ƙara wasu maganganu masu tsawo tana nuna ni. Shekwolo ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, "Sa, sauran Malam bai koya mana Turancinsu ba tukuna."

Mai Lofe ya miƙe tsaye ya ba ni hannu. Ka ga alkawarina ya cika. Ya yi mini barka, ya ce in tafi gida iyalina na jirana. Ya juya ya ce wa Shekwolo ya zo ranar Litinin ƙarfe bakwai. Ko hannun kwat ɗin mutumin nan bai zura ba.

Na fita, na tuɓe ta a bayan mangwaro, na zo na durƙusa gaban Goggo na gaishe ta da Nufanci, irin gaisuwar da ta koya mini. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Sai ta juya wajen Shekwolo ta ce, "Ɗana, gaya wa Baturen nan motar Bida da azahar take tashi."

Mataki na 9: Ka zama gwani

In abin ya zo maka haka, kada ka koma gona. Nemi tebur da kujera ka kafa a gindin bishiya, ka riƙa rubuta wa baƙi takardar neman aiki kana ba su shawara. Ofis ɗina ke nan, tunda ka matsa sai ka ji. Gindin mangwaron nan dai.

Rahmatu a Bida ta yi wankan jegonta. Sai da yarinyar ta fara gudu sannan na iya kawo su Minna, ɗaki ɗaya a Bosso, rufin ciyawa. Ba ta taɓa tuna mini rufin kwano ba, kuma wannan shirun ya fi mari zafi. Shekwolo yanzu babban masinja ne, da kakinsa da kekensa. Duk baƙon da ya zo neman aiki sai ya ce masa, "Je wurin Yisa, hannunsa na da kyau." Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Sanarwa

Ni Yisa, ba ruwana da duk abin da ya same ka bayan ka karanta wannan. In an kore ka, ƙafarka ce ta kai ka. In kwat ta yage, kai da Elizabet. In ka bi mataki na shida har ƙarshe, kada ka zo mini da kuka, ina da nawa.

Shekara shida ke nan. Na sa wa yarinyar suna Mariyamu ko zan sami sassauci, ban samu ba. Goggo tana hira da matata da Nufanci, tana wasa da takwararta da Nufanci, har awaki da Nufanci take kora. Ni kuwa duk ranar da na je Bida na durƙusa, sai ta miƙe da ƙyar, da ciwon gwiwarta, ta sara mini ta ce, "Gud monin sa," ta koma ta zauna. Bara da salla haka ta yi, bana ma haka, kuma tsufa yana ta cin ta.

Saboda haka in a cikinku akwai wanda ya san yadda ake ba goggo haƙuri har ta amsa, ko da wane harshe ne, ya same ni a gindin mangwaro. Shi zai hau kujera, ni zan zauna a ƙasa, kuma wannan karon zan yi tambaya.