Rasuwar Tabarmar da Ta Riƙe Gadon Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Auta mai zane a shagon ƙera gadajen asibiti take sanar da rasuwar Tabarma. Saura kaɗan ta fasa rubutawa, don ko a gaisuwa da ƙyar take ɗaga murya. Amma wannan rashin ya fi ƙarfin shiru.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba: a cikin kwamfutar shago take zaune, shimfiɗa ce shuɗiya, shara-shara, ba kauri ba nauyi. A kanta ake jera kowane ƙarfe na zanen gado kafin masu walda su yanka na gaske. Tsohon mai zane ne ya shimfiɗa ta kafin ya bar aiki. Auta, wadda karatunta ya tsaya a firamare, ta gaje ta ba ta san sunanta na Turanci ba, sai ta raɗa mata Tabarma.

Marigayiyar ba ta taɓa karkacewa ba. Ba ta taɓa tambayar Auta takardar makaranta ba. In aka ɗora mata ƙafar gado, "ƙit" kawai za ka ji, ƙafa ta zauna daram.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Oga mai shago ya ce a cire wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin gado, wai yana kama tsintsiyar masu shara. Auta ta cire shi daga zanen, ta adana, ta rufe. Ashe a fuskar wannan ƙarfen aka jingina Tabarma tun haihuwarta, don manhajar zanen ba ta yarda irinta ta tsaya a iska ita kaɗai ba. Da aka sake buɗewa Tabarma ta ce "tin!" Daga nan ba ta ƙara ba.

An yi iya ƙoƙari. Auta ta nemi shimfiɗa wata, kwamfuta ta ce a nuna mata fuskar da za a jingina ta. Wace fuska kuma? Dukansu da marigayiyar suka jingina.

Ta rasu ta bar ƙafafu huɗu, ɗaya ta huda katifa ta fito ta sama. Tayoyi suna shawagi a kan matashin kai. Ga kusoshi marayu, duk sun yi jajir, alamar kuskure a kwamfuta. Ta bar masu walda suna jiran awo, asibiti yana jiran gadaje ranar Litinin. Ta kuma bar Auta, wadda aikin gwaji aka ɗauke ta, ga ɗan ƙanwar Oga da takardar digirinsa kullum yana shafa bayan kujerarta.

Za a binne ta a kwandon sharar kwamfuta da zarar an samu mai ƙarfin halin dannawa. Zaman makoki a teburin da ke bayan injin yanka. Wanda ya san yadda ake kafa wata, don Allah ya riga kowa zuwa. Yaya mai walda, ban da dariya.

Washegari Auta ta yi sammako. Duk hanya tana harhaɗa abin da za ta ce wa Oga, maganar ta ƙi haɗuwa. Sai ta buɗe zanen gadon da jansa duka, ta juya allon kwamfutar ya fuskanci ƙofar da Oga zai shigo, ta zauna a gefe, hannuwa a cinya.