Yadda Ake Yawon Ganin Kufai Ba Tare da an Taka Gidan Uwa Ba

Kai ɗan birni da aka ba hutu, kana son a kira ka mai kishin tarihi amma ba ka son laka ta taɓa maka yatsa? Matso kusa. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Shafi'u ɗan Hinda ne ya gwada ta, ma'aikacin biro, wato ofis, a Yamai, haifaffen wani ƙauye a bayan Yekuwa. Yana nan da ransa, ka tambaye shi.

1. Ka tanadi uwa mai jira

Yawon kufai ba ya daɗi sai akwai inda ya kamata ka je ka ƙi zuwa. Tun farkon bazara Hinda take aika wa Shafi'u saƙo: bangon ɗakinta na gabas ya tsage, bara ba a yi yaɓe ba, in bana ma ruwa ya riga yaɓe sauka, to sai dai wani ikon Allah. An haƙo ƙasa, an zuba ciyawa. Maƙwabta sun yarda da gayya, amma a garinsu ba a kiran gayyar yaɓe sai ɗan gida ya fara sa ƙafarsa cikin kwaɓin. Shafi'u ya ce, "Inna, ana ba ni konje, hutun aiki, ina tafe." Ka lura, bai yi ƙarya ba. Ya taho ɗin.

2. Ka sa kayan aiki

Baƙin tabarau, malfa, da salula cike da caji. Tabarau ɗin ya fi komai amfani, don shi ke hana 'yan garinku gane ka a tasha.

3. Duk bangon da ya faɗi, tarihi ne

Kada ka kuskura ka miƙe hanya. Daga Magarya Shafi'u kabu-kabu ya ɗauka, ya yi ta ratse. Ya tsaya a wani kufai da babu kowa sai kuka da kangon rumbu. Ya wuce Waca, ya samu wani tsohon zaure ya dafa shi, ya kunna bidiyo.

"Jama'a, ku dubi abin da kakanni suka bar mana! Sun gina da guminsu, mu kuwa mun yi watsi da shi. Wallahi abin kunya ne!"

Har da share ido. Kai ma ka share, ko da babu komai a ciki. Shekarun gini kuwa kada ka yi rowa, ka faɗi duk abin da bakinka zai iya ɗauka. In wani tsoho ya matso zai yi bayani, ba shi baya. Tsofaffi ɓata bidiyo suke yi.

4. In ka yi karo da dangi, ka riƙe "gobe"

Nan ne ake gane gwani. Ran kasuwar Dungas Shafi'u yana ɗaukar hoton wata ƙofar katako, sai ga Alkasim, ƙanen uwarsa, a kan amalanke.

"Kai, Shafi'u! Yaushe a gari?"

"Kawu, ina wuni? Ai kan aiki nake."

"Aikin me? An jiƙa ƙasa ta bushe, an sake jiƙawa. Uwarka kullum tana bakin ƙofa. Ɗaga kai ka dubi gabas. Hau mu tafi."

"Gobe, Kawu, in sha Allahu. Akwai wata tsohuwar rijiya da ban ɗauka ba."

"Rijiyar ce ta haife ka?"

Irin wannan tambaya ba a amsa ta. Ka kara salula a kunne, ka ce babu rezo, kira ba ya shiga, ka yi gaba.

5. Hadari ma abin kallo ne

Da gabas ta yi baƙi, Shafi'u ya fake a ɗakin siminti na wani abokinsa, ya ɗauki hoton hadarin ta taga, ya rubuta a ƙasa, "Ni'imar ƙasarmu." Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka yi ta yaba hoton.

6. Yanzu kana iya zuwa gida

Ya isa da hantsi. Bangon gabas yana kwance, rufi ya bi shi, azara ta fito tsirara. Habsatou maƙwabciya ce ta janye Hinda kafin ɗakin ya sauko. Ga Hinda can ƙarƙashin zana, tana tsince tsakuwa daga cikin jiƙaƙƙen geronta. Shafi'u ya tsaya yana kallon ɗakin. Sabo kuwa mugun abu ne, sai da hannunsa ya kai aljihu neman salula.

Hinda ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ɗauka mana, Shafi'u. Ai irin wanda kake so ne. An nuna mini kana kuka a kan na Waca. Wannan ma tsoho ne, a cikinsa aka yanke maka cibiya."

"Inna, zan kira gayya…"

"Alkasim ya kira. Ɗan Habsatou ne zai fara sa ƙafa. Kai baƙo ne, ka huta."

Gargaɗi

Mai wannan darasi alkawarin yabo ya yi maka, kuma ka samu. In ka wayi gari uwarka tana gaishe ka irin gaisuwar baƙi, kada ka zo ƙofata, babu ruwana. Ka kai kukanka wurin masu yaba hoto.