Ranar da Na Kira Ƙanin Malamata Ɓarawo

Ni fa ba a koya mini ƙwallo. Da malamarmu ta ajin manya, 'yar Ireland, ta gayyace mu gidanta a unguwar Madinat Nasr mu kalli ƙungiyar ƙauyensu ta talabijin a wasan ƙarshe na ƙwallon Gaelic, kujerar gaba na kama.

Wani dogo ya daka tsalle, ya cafe ƙwallo da hannu biyu, ya zura da gudu. Na miƙe: "Ɓarawo! Alƙalin wasan makaho ne?"

Malama ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, haka ake wasan. Ƙanina ne."

Ashe manomi ne, don ƙauyensu kawai yake bugawa, kuma wallahi tsallensa ko barewa albarka.

Har yau in ana cin abinci na kai hannu kwano, 'yan ajinmu sai su ce, "Hajiya, jan kati!"