Yadda Na Musanya Kundin Kawu da Buta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi injiniyanci a Tudun Wada ba, ko na so ma 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Ni fa malamin firamare ne. Don na taɓa canza wa maƙwabci batirin waya aka laƙaba mini Injiniya, ni kuma na amsa (wa ya ƙi daɗi?). Rannan kwamfutar Kawu Idi ta mutu murus, ga kundin digirinsa na biyu a ciki, wahalar shekara biyu, saura wata guda ya miƙa. Na jujjuya ta, na sansana, na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, bod ne ya ƙone." Wato faifan nan na ciki da komai ke manne a jikinsa.

Na shiga Kano na sayo na hannu, na baje tabarma a ƙofar gida don jama'a su shaida. Na kwance, na ɗaura, ina wani taɓe baki. Tsohon bod kuwa, mai gwangwan na wucewa na miƙa masa ya ba ni butar roba, har ina yaba wa kaina iya ciniki.

Na danna, ta kawo wuta! Kawu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Kafin in gama amin, sai ga shuɗin allo, wai a shigar da lambobi arba'in da takwas. Kawu ya ce bai taɓa jin labarinsu ba. Na sa lambar wayarsa, na ƙara da shekarar haihuwarsa. Ko gezau.

Na zagaya bayan gida na kira wanda ya sayar mini da bod. Ya ce, "Ai akwai 'yar ƙwayar tsaro a jikin tsohon bod, ita ke riƙe da makullin bayanan. Sabon bai san ku ba. Kawo tsohon mu lallaɓa shi ya tashi ko na minti goma ne, mu kwashe komai."

Innalillahi! Na figi babur ina cigiya har Burumburum. Can na tarar da mai gwangwan ya riga ya bi ta kan tsohon bod ɗin da guduma.

Da na dawo, mutanen nan ba wanda ya motsa. Na yi bayani kaina a ƙasa, kamar in nutse don kunya. Kawu bai yi faɗa ba, sai ya ɗaga butar ya ce, "Wato Injiniya, kundin nawa ke nan?"

Sati uku na yi ina sake buga aikin daga tsofaffin takardunsa, ga rubutu kamar tonon kaza. Har gobe da butar yake alwala, in zai tashi sai ya ce, "Miƙo mini digirina."

Yanzu ko rediyo aka kawo mini, cewa nake ni malamin firamare ne.