Yadda Barau Ya Ƙwato Langa Daga Hannun Bika

Da sunan Wanda ya halicci tsauni da kwari muke farawa, Wanda ya halicci ciki ya kuma ɗora wa mai shi kunya. Bayan haka, wannan ruwaya ce ta waƙi'ar sadauki Barau ɗan Mati, jikan Jatau mai kashe kunama da tafin ƙafa, tattaɓa-kunnen Ilu wanda ya taɓa korar kura da tari kawai. Barau na Lantana, toron giwar 'yan kayan keke na kasuwar Malumfashi, mai ɗaura sarƙa ba ta zamewa, mai ba taya iska har ta yi kuka, namijin da ba ya barin malmala a kwano ko da ta gidan makoki ce!

Asalin fitinar kuwa, likita ne ya ce wa surukinsa Alhaji Maiwada ya nemi wuri mai sanyi ya huta. Kafin dattijon ya rufe baki Barau ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai shi, don dai a sani cewa Lantana, 'yar farin Alhaji, ba lusari ta aura ba. Aka haɗa tawaga, aka hau akwalar motar Barau, ta yi ta tari tana haki tana hawan duwatsun ƙasar Mambila, har ta sauke su a wani masaukin baƙi can ƙololuwar tsauni, inda gajimare ke yawo a tsakar gida kamar tumaki. Ɗakuna ne na katako, kowane da rufin ciyawa da murhun jin ɗumi, an warwatsa su a cikin itatuwa. Barau ya riƙe ƙugu ya dubi duniya a ƙarƙashinsa, ya ji kamar shi ya ci ta da yaƙi.

Bai san a nan aka haƙa masa rami ba. Zauren cin abinci ɗaya ne tak a masaukin, da tebur ɗaya dogo. Sarautar madafa kuma tana hannun wata dattijuwar Bafulatana, Goggo Dudu, wadda ta kafa doka mai tsanani cewa ko ƙanzo ba a fita da shi zuwa ɗakuna, saboda bika, manyan biran nan masu fuskar kare da suka mai da masaukin gidan ubansu. Lantana tun ranar farko ta shige madafa wajen Goggo tana cin abinta hankali kwance. Aka bar Barau da Alhaji Maiwada a tebur, gaba da gaba.

Jama'a, ina aka taɓa jin ɗan halas ya buɗe baki ya jefa loma a gaban uban matarsa? Aka kawo tuwon masara yana tururi, da miyar ganye da man shanu yana ninƙaya a kai, da farfesun kaza, da dankalin Turawa, da kindirmo mai kauri wanda cokali ke tsayawa a ciki. Barau ya sunkuyar da kai, ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido, ya haɗiye yawu ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Daga nan bai sake ɗaga kai ba har aka kwashe kwanuka. Haka aka yi da rana, haka da magariba, haka washegari. Kilishin da ya ɓoye a mota don irin wannan rana kuwa, tun daren isowarsu wani ƙaton bika ya zura hannu ta taga ya yi gaba da shi. Babu kanti, babu mai shayi, ƙauye mafi kusa yana can gindin tsauni. Ya faɗa wa Lantana? Wane mutum! Wanda ya bugi ƙirji ba ya dawowa ya riƙe ciki.

Aka kwana aka tashi, sadauki yana rayuwa a kan goro da ruwan buta. Wandonsa ya fara neman hijira daga ƙugunsa. Idan ya dubi gajimare sai ya ga fura, idan ya dubi duwatsu sai ya ga malmala an jera. Abin tausayi ne ƙwarai, ko da yake wanda ya ga yadda yake shinshina iska a bayan madafa sai ya yi dariya kafin ya tausaya.

Ranar da Allah ya ƙaddara waƙi'ar, bayan azahar, Barau ya yanke shawarar ya je ya durƙusa wa Goggo Dudu ta taga. Yana cikin tafiya yana harhaɗa kalmomin roƙo, sai ga abokin gaba ya ɓullo daga bayan ɗakuna. Shi ne dai ɓarawon kilishi, jagoran rundunar bika, azzalumin sarkin dawa, mai jan gindi, wanda bai san halas ba balle haram. Yana tafe da ƙafa uku, ya rungume wata langa da aka ɗaure da ƙyalle, ƙamshin farfesu na bin sa a baya. Barau bai tambayi ko ta wane ce ba. A shari'ar yaƙi, abin da aka ƙwato daga hannun maƙiyi ganima ne.

Nan take jinin Jatau da na Ilu suka motsa. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya zaro lema daga hammata, ya cire silifa ɗaya ya riƙe a hagu, ya yi kururuwar da ta tashi tsuntsaye daga itatuwa.

“Kai, ɗan sata! Yau ko ni ko kai!”

Bika ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa, ya yi hamma, ya ci gaba da tafiya. Wannan raini shi ya ƙara hura wutar yaƙi. Barau ya yi sukuwa a kan ciyawa mai santsi, ya harba silifar farko ta wuce ta faɗa kwari, har yau ba a ji labarinta ba. Ya harba ta biyu ta sami igiyar shanya, zanen wata baƙuwa ya faɗo ya lulluɓe shi, ya yi ta dambe da zane har ya yi galaba a kansa. Suka zagaya ɗakin farko, suka zagaya na biyu, suka ratsa ta cikin kabejin Goggo Dudu, baƙi suka fito ƙofa suna kallo, bika suka jeru a kan rufi suna ihu suna tsalle, ba a san ko wa suke goyon baya ba. Ƙasa ta girgiza, kaji suka watse, hular Barau ta yi shahada a cikin kwata.

A ƙarshe maƙiyi ya haye wani dutse ya zauna, ya kwance ƙyallen a tsanake, ya buɗe murfi ya fara zaɓe. Barau ya iso gindin dutsen yana numfashi sama-sama, ya ga cinyar kaza ta shige, ya ga ƙirji ya bi bayanta. Sai ya tuna makamin da ya rage, ya saita lema daidai fuskar azzalumi, ya danna.

“Allahu akbar!”

Lema ta buɗe fau! Bika, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin sanda ta zama jemage ba, ya yi ƙara ya saki langa ya dira ta baya. Langa ta gangaro, sadauki ya tare ta da ciki, ya rufe murfi, ya ɗaga ta sama. An yi fatahi. Masu ruwaya sun haɗu a kan cewa tun da aka kafa tsaunin ba a taɓa ganin nasara irin wannan ba.

Ba hula, ba takalmi, ya lallaɓa da ganimarsa bayan ɗaki na ƙarshe, inda ake tara itacen wuta, don ya ci ba idon kowa. Yana shan kwana ya tsaya cak. Ga Alhaji Maiwada zaune a kan kututture, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ga buta a gefe, gabansa wayam sai shaidar gindin langa a kan ƙasa. Sai a lokacin Barau ya dubi fuskar surukinsa da kyau, ya ga kumatu sun faɗa, ido ya zurma. Ashe duk kwanakin nan da yake kallon yatsun ƙafarsa, shi ma dattijon nasa yatsun yake kallo, don shi ma ba zai iya tauna a gaban mijin 'yar farinsa ba. Alhaji ne ya riga shi zuwa tagar Goggo Dudu ya roƙo langar nan.

Barau ya durƙusa ya miƙa langa da hannu biyu. “Baba, ga kayanka.”

Alhaji ya kau da kai. “Ni? Ai ni na ƙoshi.”

“Ni ma na ƙoshi, Baba.”

Sai cikin Alhaji ya yi ƙugi, na Barau ya amsa masa. Can dattijon ya ja langar ya buɗe. Abin da maƙiyi ya bari bai wuce malmala ɗaya da ta sha birgima ba, da ɗan romo, da wuyan kaza. Ya gutsura rabi ya sa a murfi, ya tsiyaya romo, wuyan ya sulale ya bi. Ya tura murfin baya ba tare da ya duba ba, ya juya ya fuskanci gabas. Barau ya zauna ya fuskanci yamma. Suka haɗa baya, kowa na ci a hankali kada ɗan'uwansa ya ji motsin baki.

Barau ya sharce tuwo, ya ɗauki wuyan kazar nan, ladan jihadinsa, abin da ya ba da hula da silifa biyu a kansa. Ya kai shi baki ke nan sai ya ji gyaran murya.

“Barau, akwai wani a bayana ne?”

“Babu kowa, Baba.”

“To madalla. Na ga kamar wuyan kazata ya faɗa can. Miƙo shi kada bika ya dawo.”