Sunan Wayifai Ɗin Gidanmu

Ranar da na haɗa sabuwar rauta a gidanmu na Gonin Gora, sai da na zaunar da matata Lami na yi mata lacca kan tsaron sirri. Na ce daga yau ko aljani ba zai shiga wayifai ɗinmu ba.

Washegari maƙwabcinmu Baba Yohanna ya tare ni a bakin get yana danne dariya.

"Ɗana, mun gode da intanet. Amma har haka kake tsoronta?"

Ashe fasuwod ɗin na rubuta a gurbin sunan wayifai, duk layinmu na gani a wayoyinsu: InaTsoronLami.

Har yau in na je sayen burodi, mai shago sai ya rage murya ya ce, "Oga, Madam ta san ka fito?"