Waken Mitsue

"Lafiya lau, mijin banza. Sai yanzu?" in ji Tokuko, tana jan jikanta Itsuki ta hannun riga tun bai gama cire takalmi ba.

Kafin 'yarta Mitsue, mahaifiyar Itsuki, ta rasu, daga gadon asibiti ta shuka waken soya ƙwaya ɗaya a wani lambun haɗaka da ke gidan baje zane a Tokyo. Hannun ƙarfe ne ke shuka da ban ruwa a can, mutane na ba shi umarni ta intanet. Dokar lambun ɗaya ce: wanda ya yi kwana bakwai bai leƙo shukarsa ba, a tuge ta a ba wani gurbin. Hidimar addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwarta ta ɗauke musu hankali. Yau ne na bakwai, ƙarfe biyar ake rufewa, ga shi huɗu da rabi ta gota.

"Jirgin ƙasa ne ya makara, amarya."

"Jirgin ƙasar nan bai taɓa makara ba sai da ya ɗauko ka. Kunna abin."

Ya buɗe kwamfutar. "Mutum tara ne a gabanmu."

"Ka ce musu tsohuwa ce."

"Jiya kika ce shekarunki talatin."

"Jiya ba na layi."

Ta dubi agogo, ta dubi hoton Mitsue da ke kan teburi, ta kau da kai.

"Shekara hamsin ina noma, ban taɓa neman izinin ƙarfe ba."

"Ai ya fi ki. Ba ya ciwon baya, ba ya zagin miji."

"Ka aure shi mana, ya dafa maka miya. Saura nawa?"

"Huɗu."

"Idonka ya yi zuru-zuru."

"Yunwa ce. Matata ba ta girki."

Biyar saura minti uku layi ya iso kansu. Hannun ya juya a hankali, kyamararsa ta tsaya kan waken. Yana nan, amma ganyen ƙasa sun yi ɗorawa.

"Ƙishi ne," in ji Itsuki, muryarsa ta sauya. "Bari in ba shi ruwa."

Ta buge masa yatsa. "Kul! Dubi ƙasar, sheƙi take. Wa ya mayar da shi shinkafa?"

Ya buɗe jerin waɗanda suka shayar da shi. Sunaye ne har ƙasa, daga Busan, daga Lima, daga garuruwan da ba ta taɓa ji ba. Tun da Mitsue ta rubuta a shafin lambun cewa jikinta ya tsananta, kowa ya wuce sai ya zuba.

 Tokuko ta gyara zama, ta sunkuyar da kai ga allon, ta daɗe a haka.

"Rubuta musu: mun gode ƙwarai. Su yi haƙuri, su ɗaga masa ƙafa kwana uku."

"Da na kashe shi kenan."

"Da ka kashe shi. Digiri biyu, ba ka san laka ba."

"Na sallama, manomiya. Amma wa ya san inda ake latsawa?"

Ta miƙe, ta ɗauko lemo ɗaya daga cikin waɗanda ta jera wa marigayiyar a gaban hoton, ta ajiye masa a tafin hannu.

"Ci. Uwarka ba za ta hana ba. Ran Alhamis ka zo da wuri mu leƙa shi, mijina."